Ƙurajen Aski: Sunnar Fiɗira Ba Ta Ce Ka Cuci Fatarka Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Tun da bazara ta kama tambaya guda ke ta maimaituwa a saƙonnin da ake turo min, mafi yawa daga matasa, wasu kuma daga mata ta hannun mazajensu: Malam, duk lokacin da na aske gashin mara ko na hammata sai ƙuraje su feso, ga ƙaiƙayi, ga raɗaɗi idan na yi gumi, shin ya halatta in bari? Wani ma ya ce ya kai wata huɗu bai taɓa ba saboda tsoro. Magana ce da ake jin kunyar yin ta a zaure, to bari mu yi ta a nan, addini bai bar komai ba.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya lissafa abubuwa biyar cikin fiɗira: kaciya, aske gashin mara, rage gashin baki, yanke farce, da tsige gashin hammata. Muslim kuma ya ruwaito daga Anas ɗan Malik (RA) cewa an yanka musu wa'adi, kada su bar waɗannan su wuce kwana 40. Ku lura da kyau, kwana 40 iyaka ce ta ƙarshe. Ba a ce sai ka bi wurin da reza duk bayan kwana biyu ko uku ba. Da yawa daga masu kukan ƙuraje a nan matsalarsu take: fata ba ta gama hucewa daga askin jiya ba an sake dawo mata da ƙarfe.

Kalmar da hadisi ya yi amfani da ita ga gashin mara ita ce istihdadi, daga hadid, wato ƙarfe. Amma malamai, cikinsu har da Imamun Nawawi a sharhinsa na Sahihu Muslim, sun bayyana cewa abin nufi shi ne tsaftar wurin. Aski ya fi, amma idan mutum ya rage da almakashi, ko ya tsige, ko ya shafa abin da ke zubar da gashi, ya wadatar. Haka hammata: tsigewa ce sunna ga wanda zai iya, aski kuma ya halatta. An hakaito cewa Yunus ɗan Abdul A'ala ya shiga wurin Imamu Shafi'i ya tarar ana aske masa hammata, sai Imam ya nuna masa cewa ya san tsigewa ce sunna, zafin ne ba ya iya jurewa. To idan Shafi'i ya sauƙaƙa wa kansa, kai wane ne da za ka tsaya kana kankare fatarka har jini?

Me ke kawo ƙurajen? Gashinmu na baƙar fata murɗaɗɗe ne. Idan reza ta yanke shi ƙasa sosai, bakinsa yana zama da tsini kamar ƙaya, yana tsirowa sai ya lanƙwaso ya soki fata, ko ya kasa fitowa ya ci gaba da girma a ciki. Jiki sai ya ɗauke shi tamkar sartse, wurin ya kumbura. Wannan kashi ɗaya ke nan. Na biyu, reza tana barin ƙananan yanka da ido ba ya gani, ƙwayoyin cuta su shiga ramin gashin, sai ka ga ƙurji da farin baki mai ruwa. Ka haɗa wannan da zafin Maris da Afrilu na ƙasar Zurmi, da gumi, da matsattsen wandon roba, da zama kan babur daga Birnin Tsaba zuwa Ƙaura Namoda, ai ka san wurin ba zai samu sararin warkewa ba.

Shawarar da nake ba ɗalibaina ita ce kada a yi askin a bushe kuma kada a yi shi a gurguje. Idan gashin ya yi tsawo a fara rage shi da almakashi. A jiƙa wurin da ruwan ɗumi na ɗan lokaci har gashin ya yi laushi, shi ya sa ƙarshen wanka ya fi farkonsa. A sa kumfar sabulu mara ƙarfi. A bi da rezar yadda gashin ya kwanta, kada a tayar masa, kada a ja fatar ta miƙe, kada a yi ta maimaita wuri guda don neman santsi. Santsin nan da ake nema shi ne ke komawa ƙuraje bayan kwana uku. In an gama a ɗauraye da ruwa mai tsabta, a tsane da ƙyalle ba tare da gurzawa ba, a shafa man kaɗanya ko basilin kaɗan, a sa tufa mai sakewa ta auduga. Turare kuwa, da abin hana warin hammata, a jinkirta su zuwa washegari. Na san ranar Juma'a ake son haɗa aski da turare, to ka yi askinka tun daren Alhamis, ko ka sa turaren a riga.

Maganar reza ita ce ta fi damuna. Reza guda ta kwana a banɗaki cikin laima, ta yi tsatsa, ta dakushe, a sake ɗaukarta bayan wata. Mafi muni, wa da ƙane su yi tarayya a kanta, ko abokan ɗaki a makarantar kwana, ko almajirai biyar a bi su da aska ɗaya. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa cikin busasshen jini a jikin ƙarfe har kwana 7 ko fiye, kuma mai ɗauke da ita yakan yi shekaru bai sani ba. Kuɗin sabuwar reza nawa ne idan aka gwada da jinyar hanta? Shari'a ta hana mutum ya cutar da kansa ko ya cutar da waninsa. In ka je wurin wanzami askin kai, ka tafi da rezarka ko ka ga an ɓare sabuwa a gabanka, ba raini ba ne ga sana'arsa. Gashin mara kuwa al'aura ce, kai za ka yi da hannunka, sai fa tsakanin miji da mata.

Mayukan zubar da gashi irin su Veet sun halatta. Magabata ma suna da irin nasu da ake kira nura, wanda ake haɗawa da farar ƙasa. Amma sinadari ne mai cin gashi, in ya jima fata ma zai ci. A gwada a ɗan wuri kaɗan a jira kwana guda, kada a wuce mintunan da aka rubuta a jikin kwalin, kada a sa kan ƙurji ko yanka, kuma kada ya kusanci tsiraici kansa.

Wanda ƙurajen suka riga suka fito masa, ya ajiye reza har su warke. Ya riƙa gasa wurin da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi sau biyu ko uku a rana, ya daina matsewa da sosawa, domin su ke barin baƙin tabo. In wa'adin kwana 40 ya gabato bai warke ba, almakashi ya ishe shi, ya yi sunnarsa. Wanda kuma kowane aski ke jawo masa wannan, ya zauna kan almakashi ko kilifa, babu laifi. Don Allah a bar shafa man birki, da baƙin mai, da Dettol tsagwaronsa, ƙona fata suke yi. Haka mayukan nan na kemis masu haɗin magani uku, da na bilicin, da yawansu akwai sinadarin da ke sirantar da fata, ƙaiƙayin ya lafa yau, in akwai makero a wurin ya ƙara yaɗuwa gobe.

Idan wurin ya zama maruru, ko ja da kumburi suna faɗaɗa, ko zazzaɓi ya shigo, ko mutum yana da ciwon suga, wannan ya wuce gashi da ruwan ɗumi. Na san halin da hanyoyinmu suke ciki, fita zuwa babban asibitin Zurmi ko na Ƙaura ba ƙaramin abu ba ne yanzu. Shi ya sa ya fi a nuna wa ma'aikacin lafiya na kusa tun abin yana ƙarami, namiji ga namiji, mace ga mace in an samu, in ba a samu ba lalura ta halatta a duba gwargwadon buƙata.

Saura tambayar tsarki, don an yi ta. Aski ba ya warware alwala kuma ba ya wajabta wanka. A mazhabarmu ta Malikiyya jinin yanka ko ruwan ƙurji ba ya karya alwala. Abin da ya taɓa tufa na jini ko mugunya in bai kai faɗin dirhami ba an yi rangwame a kansa, haka abin da ƙurji ke tsatsowa da kansa ba tare da an matse shi ba. A wankan janaba kuma cuɗawa wajibi ce, amma bin wurin da hannu a hankali tare da ruwa ya isa, ba a ce a sa soso a dirje ba.

Allah ne mafi sani.