Amsoshin Tambayoyinku: Aikatau da 'Yan Rakiyarsa a Turanci

Wata ɗaliba daga Kimba a ƙaramar hukumar Jega, mai shirin jarrabawar WAEC, ta tambaya: me ya sa aikatau a Turanci yake sauya ma'ana da zarar an liƙa masa 'yar kalma kamar "up" ko "off"?

To, 'yar'uwa, dubi "ci" a Hausa. Manomin albasa na Aliero ya ci kasuwar Jega, ya ci riba, wani ya ci bashi, wani ya ci amana, kuma babu wanda ya kai loma baki. Bature da 'yan ƙananan kalmomi yake wannan aikin. "Look" duba ne, "look for" nema, "look after" kula da mutum. "Give up" kuwa saduda.

Wani wuri da ɗalibai kan yi tuntuɓe shi ne "put off". A gida mukan ji "put off the light", alhali a wurin Bature ma'anarsa ɗage abu zuwa wani lokaci. Kashe fitila "switch off" ne. A irin su "pick up" kuma, wakilin suna a tsakiya yake zama: "pick it up".

Ki riƙa haddace irin waɗannan aikatau cikin jimla, kada ki fassara kalma-kalma. Allah ya ba da sa'a a jarrabawa.