Rumfar Bakin Hanya a Intanet

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, kowa ya san rumfar bakin hanya ta fi ta ƙuryar kasuwa ciniki. To, haka abin yake a intanet. Wana yana da shafi inda yake tallan takalman fata, amma in aka nemi takalma a Google, sunansa sai can ƙasan jeri. Wa zai kai can? Ni kaina na sama nake dubawa.

Da na tambayi malaminmu dalili, sai ya ce a 1998 ne Larry Page da Sergey Brin, ɗaliban Jami'ar Stanford ta Amurka, suka kafa Google bisa wata dabara, PageRank. Ita dabarar tana ƙidaya shafukan da suka yi nuni zuwa ga naka, tamkar shaidu, kuma shaidar babban shafi ta fi ta ƙanana nauyi. A da Google kan nuna makin kowane shafi, daga 0 zuwa 10, har wasu suka riƙa sayen shaidu. A 2016 aka daina nunawa, amma jerin yana nan.

Yanzu wana yana ta roƙon masu manyan shafuka su ambace shi, ga kuɗin hayar shafinsa na bana bai fito ba tukuna.