Rumfa a Jumia ko Shafin Kanka?

Idan ƙaramin shago gare ka, na atamfa ko turare, fara da babbar kasuwar intanet irin Jumia ko Konga. Masu saye na can jibge, kamar Kantin Kwari da hantsi. Sai dai ana cire kamasho a kowane ciniki, kuma kayanka na jere da na masu karya farashi.

Shafin kanka kuwa sai ka riƙa biyan kuɗin adireshi da na masauki, ka haɗa hanyar karɓar kuɗi irin Paystack, talla ma daga aljihunka. Amma lambobin kwastomominka suna hannunka.

Shawarata: lissafa kamasho da kuɗin aike kafin ka yanke farashi. In masu dawowa sun yawaita, sannan ka buɗe naka.