Ko Za a Iya Buɗe Shi? Darasin Gyara Daga Amsterdam

A ranar 18 ga Oktoba, 2009, wata 'yar jarida a ƙasar Holan mai suna Martine Postma ta shirya wani zama a birnin Amsterdam, ta sa masa suna Repair Café. Tsarin ba shi da wuya. A samu zaure, a jera tebura da kayan aiki, masu sanin hannu su zo don raɗin kansu, jama'ar unguwa kuma su kawo abin da ya lalace musu a gida: dutsen guga, fitila, rediyo, keke, har yagaggiyar riga. Ba a yanke kuɗin aiki, sai abin da mutum ya ga dama ya jefa a asusu. Yau akwai irin waɗannan wurare dubbai a ƙasashe daban-daban.

Na san wani zai ce, to mene ne sabo a nan? Ai mu gyara muka tashi muka tarar, ga Panteka nan a Kaduna. Gaskiya ne. Su Turawa sun koma gyara ne bayan ladan mai gyara ya kusa kamo kuɗin sabon kaya, shara kuma ta yi musu yawa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 kaɗai duniya ta zubar da tarkacen kayan lantarki tan miliyan 62.

Abin da ya ja hankalina shi ne ƙa'idarsu guda: ba ka ajiye kayanka ka tafi. Kana zaune za a kwance shi, kai ma ka sa hannu. A nan mutum yake gano cewa sau da yawa "ya mutu" ɗin nan ba mutuwa ba ce. Ɗauki dutsen guga. A zare shi daga soket tukuna, wannan ba abin wasa ba ne. Sai a gwada fiyus na fulogi da mita, sannan wayar, musamman daidai inda take shiga jikin dutsen, don nan ne take yawan lanƙwashewa har ta tsinke daga ciki. In waɗannan lafiya lau, a duba ƙaramin fiyus na zafi da ke ciki. Sai a ƙarshe ake zargin abin da ke kawo zafin. Kuma don Allah kada a ɗaure fiyus da guntuwar waya, kamar yadda wasunmu suke yi a hostal. Gobara ake gayyata.

Aro ma sun tsara shi. Tun 1979 ɗakin karatu na birnin Berkeley a Amurka yake ba da aron kayan aiki kamar yadda ake aron littafi. Injin huda bango da za ka buƙata sau ɗaya a shekara, me ya sa kowane gida zai sayi nasa?

Wani kayan kuwa ba ya gyaruwa ko wa ya zo, saboda tun wurin ƙira aka manne shi da gam maimakon noti. Shi ya sa a Janairun 2021 Faransa ta wajabta manna maki, daga 0 zuwa 10, a kan kaya irin su wayar hannu da kwamfutar tafi-da-gidanka, don mai saye ya san sauƙin gyaransu. Ana duba sauƙin kwancewa, samuwar kayan gyara da farashinsu, da takardun bayanin gyara. Da ni ke duba furojet ɗin 'yan HND 2, da waɗannan tambayoyin zan fara.