Bindigar Iska

Darasinmu na yau a kan bindigar iska ne. Kowa a nan Wurma ya san bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. In an harba ta sai ta yi ƙara, hayaƙi ya tashi, duk gari a ji. Ita bindigar iska ba ta shan albarushi, ba ta hayaƙi, ƙararta kuwa ba ta fi ta tafi ɗaya ba. Wannan shi ya sa mutane ke raina ta. To, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Bari mu koyi yadda take aiki, da abin da take iyawa, da abin da ya fi ƙarfinta.

Yadda Take Aiki

Ku tuna da famfon keke. In ka toshe bakinsa da yatsa ka danna, za ka ji iska tana tura yatsanka. Haka cikin bindigar iska yake. Akwai sifirin mai ƙarfi, watau nannaɗaɗɗen ƙarfe mai motsewa ya miƙe. A gabansa akwai fistin, kamar na famfo.

In za a ɗana ta, sai a kama bututun a lanƙwasa shi ƙasa, kamar za a karya bindigar biyu. Wannan shi ke matse sifirin. Sa'an nan a sa ƙwayar harsashi guda ɗaya, a mai da bututun ya rufe. Da an ja kunama sai sifirin ya kuɓuce, ya ingiza fistin, fistin ya matse iska, iska ta kori harsashi waje.

Harsashin ɗan mitsitsi ne, na dalma. Iri biyu aka fi yi, mai kaurin milimita 4.5 da mai kaurin milimita 5.5. Ƙaramin nauyinsa kamar rabin giram ne. A bindiga mai ƙaramin ƙarfi yana tafiyar kamar mita 170 a sakan ɗaya. Sauti kuwa yana tafiyar kamar mita 340 a sakan. Da yake babu albarushin da zai fashe, kuma harsashin bai kai sauti gudu ba, shi ya sa ba ta da ƙara.

Ba a yau aka fara yin ta ba. Kamfanin BSA na birnin Birmingham a Ingila ya fara ƙera irinta tun shekara ta 1905. Kamfanin Diana da na Weihrauch a Jamus su ma sun yi suna wajen yin ta. Tun daga shekara ta 1984 ake gasar harbi da bindigar iska a wasannin Olimfik, daga nisan mita 10.

Amfaninta

Babban amfaninta ga manomi shi ne tsaron rumbu. Tana kashe ɓera daga nisan taki goma zuwa goma sha biyar, in an same shi a ka. Tana kashe kurciya da hasbiya in suna kusa. Ba ta firgita dabbobin gida, ba ta tashin jariri daga barci, kuma babu tsoron wuta ta kama danni ko jinka.

Amma fa ƙarfinta yana da iyaka. Ba ta kashe gada ko dila, sai dai ta raunata su su tafi suna wahala. Ba ta maganin jan-baki, domin waɗannan tsuntsaye dubbai suke sauka a gonar gero ko ta shinkafa. Mai harsashi ɗaiɗai ba zai rage su ba. Kada kuma a harbi balbela, don tana cinye ƙwari da fara a gona.

Abin Da Doka Ta Ce

Wasu suna tsammani tun da ba ta shan albarushi, kowa yana iya sayenta kamar gwafar yara. Ba haka ba ne. Dokar Bindigogi ta Nijeriya ta shekara ta 1959 ta sa bindigar iska a layi ɗaya da bindigar farauta ta zamani. Lalle ne mai ita ya sami lasin, ikon ba da shi kuwa yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda.

Doka ta hana a ba mutum biyar lasin: wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da wanda idonsa ba ya gani sosai, da mashayi, da wanda kotu ta hukunta saboda laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce.

A wasu ƙasashe dokar dabam take. A Jamus wanda ya kai shekara 18 yana iya sayen mai ƙaramin ƙarfi ba tare da lasin ba. Amma dokar Jamus ba ta aiki a Kurfi. A shekara ta 2023 Sufeto Janar ya ba da sanarwa cewa an dakatar da ba da sabon lasin bindiga. Saboda haka kafin ka fid da kuɗinka, je ofishin 'yan sanda na Kurfi ko na Dutsin-Ma ka tambaya. Ka sanar da mai gari kuma.

Yadda Ake Harbi

A bisa bindigar akwai abin saiti guda biyu. Na baya yana da ɗan giɓi, na gaba kuwa ɗan tsini ne. Ka daidaita tsinin a tsakiyar giɓin, sa'an nan ka ɗora su a kan abin da kake bara.

Kada ka ƙanƙame ta. Sifirin yana girgiza bindigar tun harsashi bai fita ba, saboda haka riƙon sako-sako ya fi, kuma ya zama iri ɗaya kullum. Kada ka ɗora ta a kan dutse ko katanga, sai ka sa tafin hannunka a ƙarƙashi. Ka ja numfashi, ka saki rabi, ka ja kunama a hankali. Bayan ta tashi ka daɗa tsayawa kaɗan kafin ka ɗaga kai.

Ka fara koyo da takarda. Ka zana da'ira kamar faɗin kwabo, ka manna ta a jikin buhun yashi, ka tsaya daga taki goma. Sai ka iya samun da'irar sau biyar a jere kafin ka auna abu mai rai.

Dokokin Tsare Kai

1. Kada ka nuna mutum da ita, ko da wasa, ko da ka san babu harsashi. Ƙwaya ɗaya ta isa ta tsiyaye ido, tana kuma iya kashe yaro.
2. Ka duba abin da ke bayan abin da za ka harba. Harsashin da ya kuskure yana wuce mita 100, kuma zana ba ta tare shi.
3. Kada ka harbi dutse, ko ƙarfe, ko fuskar ruwa. Harsashi yakan yi tsalle ya komo.
4. In kana ɗura ta, ka riƙe bututun da hannu ɗaya, ka janye yatsa daga kunama. In ta kuɓuce tana iya datse yatsa.
5. Kada ka harba ta babu harsashi, kada kuma ka ajiye ta a ɗane. Duka biyu suna lalata sifirin.
6. Kada ka zuba man gyaɗa ko baƙin mai cikin ramin iska. Zafin matsi yakan kunna man ya ɓata bindigar.
7. Kada ka riƙe harsashi a baki. Dalma guba ce. A shekara ta 2010 gubar dalma daga wuraren haƙar zinariya ta kashe yara kamar 400 a Zamfara. Ka wanke hannu, ka kuma cire ƙwayar daga nama kafin a dafa.
8. Ka kulle bindiga wuri ɗaya, harsashi wuri dabam, inda yara ba sa kaiwa.

Gargaɗi Na Musamman

Mun san abin da ya sami Wurma a shekara ta 2019, sa'ad da ɓarayin daji suka shigo da dare suka tafi da mutane. Wani zai ce bari ya sayi bindigar iska don tsaron gida. Wannan kuskure ne babba. Ba ta tsai da ƙato, kuma bayan ko wane harbi sai an sake ɗana ta. Daga nesa kuwa kamarta ɗaya da bindigar gaske. Ɓarawo zai harbe mai riƙe da ita. Soja ko ɗan sintiri ma yana iya zaton mugu ne. Kada ka fita da ita da dare, kada ka rataya ta zuwa kasuwa. Aikinta yana gindin rumbu, da rana.

Tambayoyi

1. Me ke korar harsashi daga bindigar iska?
2. Don me ba ta da ƙara?
3. Su wa doka ta hana wa lasin?
4. Don me ba ta da amfani wajen tsaron gari?

Aikin Rubutu

Ku rubuta wannan sau uku a littafinku: Rigakafi ya fi magani.