Shukar Tsakar Gida da Lafiyar Kyanwa

Ƴan uwa manoma, maza da mata, a Dantchiao da sauran garuruwan Magariya da Dungas, da wuya a shiga gida a rasa kyanwa. Wasu suna ce mata mage, wasu mussa. Ita ce mai gadin rumbu. Idan ta mutu, ɓeraye su ne za su gaji hatsin da muka sha wahalar nomawa.

A tsakar gidan nan kuma muna da shuke-shuke. Akwai zogale da yakuwa da kuɓewa domin miya. Akwai na shinge, akwai furannin ado da ake dasawa cikin tukwane da gwangwanaye. Amma ba kowace shuka ce abokiyar zama ba. Wadda ta iya kashe kyanwa tana iya kwantar da yaro mai rarrafe, domin su biyun duk abin da suka gani sai sun kai baki.

Me ya sa kyanwa ke taɓa shuka?

Kyanwa nama take ci, amma takan tauna ɗanyen ganye lokaci-lokaci. Ganyen da iska ke kaɗawa kuma abin wasa ne a wurinta, tana cizo tana yaƙushi. Bayan haka tana wanke jikinta da harshe. Saboda haka ko ba ta ci ganyen ba, idan ruwansa ya taɓa gashinta, za ta lashe shi ya shiga cikinta. Jikinta ƙarami ne, guba kaɗan ta ishe ta.

Shuke-shuke masu haɗari

1. Kariya, mai kaurin gindi da jan fure. Kyanta ya sa ake dasa ta a gida, amma ruwanta yana tsayar da zuciya. A wasu ƙasashen Afirka maharba sun yi dafin kibiya da shi.

2. Tumfafiya. Farin ruwanta yana ƙona baki, yana lahanta ido, yana kuma taɓa zuciya.

3. Zurma. Gubarta tana cikin ƙwayar. Ƙwaya kaɗan da aka tauna tana iya kisa.

4. Bini da zugu, da muke shinge da shi. Ƙwayarsa tana da daɗin baki kamar gyaɗa, shi ya sa yara ke ci. Tana kawo amai da zawo mai tsanani.

5. Zaƙami. Ganye da fure da ƙwaya, duka suna gusar da hankali.

6. Furen tukunya mai faɗin ganye da ɗigo-ɗigon fari, wanda ake sayarwa a birane. Idan aka tauna shi, baki yana zafi, harshe ya kumbura.

Ga ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: duk shukar da aka karya ta fitar da farin ruwa kamar nono, mu yi hattara da ita.

Albasa da tafarnuwa abinci ne a gare mu, amma suna lalata jinin kyanwa, ko ɗanyu ko dafaffu. Kada mu riƙa zuba mata sauran miyar da ta ji albasa.

Yadda za mu kiyaye

Ɗora tukunya bisa katanga ba ya hana kyanwa, domin hawa sana'arta ce. Shuka mai guba, fitar da ita daga tsakar gida shi ne magani. Mu rufe hannu da leda, mu tumɓuke ta, mu binne ta cikin rami nesa da gida, sannan mu wanke hannu da sabulu.

Shukar miya kuwa mu kewaye ta da ƙaya ko ragar waya. Mu jera tsakuwa bisa ƙasar tukunya don kada kyanwa ta tona ta yi kashi a ciki. Kashinta yana iya ɗauke da cutar da ke lahanta ɗan da ke ciki, don haka mace mai juna biyu kada ta kwashe shi, kuma a wanke ganye sosai kafin a ci.

Mu ba kyanwa nata rabon. Mu shuka ɗan hatsi ko alkama cikin tsohon kwano, ta riƙa taunar tsiron. Amma ban da dawa. Mun san yadda gyauron dawa ke kashe awaki da shanu, tsironta ma haka yake.

Idan mun fesa maganin ƙwari, mu nisanta kyanwa da yara daga wurin har ya bushe.

Idan ta riga ta ci fa?

Alamomin su ne dalalar miyau, amai, zawo, rawar jiki, tangaɗi da ƙin abinci. Mu naɗe ta cikin zane don kada ta cije mu. Mu cire sauran ganyen daga bakinta, mu wanke gashinta da ruwa da sabulu, mu ajiye mata ruwan sha. Kada mu ɗura mata nono ko mai ko gishiri. Kada kuma mu ba ta maganin mutane: farasitamol ƙwaya 1 tana iya kashe kyanwa. Mu tsinki reshen shukar mu kai wa ma'aikacin lafiyar dabbobi, domin ganin shukar yana taimaka masa ya san abin yi.

Idan yaro ne ya ci, babu jira. Kada a sa shi amai da ƙarfi. A ɗauke shi tare da reshen zuwa gidan likita mafi kusa, ko da dare ne, ko da bai nuna wata alama ba tukuna.

Rigakafi ya fi magani. Yau da yamma, kowa ya zaga gidansa ya duba abin da ke tsirowa a gindin katanga da bayan rumbu.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Waɗanne shuke-shuke masu farin ruwa ne ke cikin gidajenmu?
2. Me ya sa ba a shuka wa kyanwa dawa?
3. Me za mu tafi da shi idan za mu kai yaro gidan likita?