Gado da Kulawa: Yadda Ake Zaɓen Awakin Iri

Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wannan magana gaskiya ce a kiwon awaki, amma tana da iyaka. Manufar wannan darasi ita ce makiyayi ya san iyakar abin da ɗan akuya ke gada na saurin girma, domin ya san wanda zai ajiye da wanda zai kai kasuwa.

A ƙasar nan muna da manyan irin awaki uku: jar akuya ta Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna a duniya, da doguwar akuyar Sahel, da gajeriyar akuyar Kudu. Ana nazarinsu a Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, kusa da Zariya. Kowane iri ne, masana sukan auna nauyin ɗan akuya ran haihuwa, su sake aunawa lokacin yaye, wajen wata 3.

Mene ne rabon gado?

In aka auna 'yan awakin garke ɗaya, za a tarar wani ya fi wani nauyi. Wani sashe na wannan bambanci daga jinin iyaye yake, wannan shi ne rabon gado. Sauran kuwa daga abinci ne, da nonon uwa, da lafiya, da lokacin haihuwa. A nauyin haihuwa da na yaye, galibi rabon gado yakan kama daga kashi 10 zuwa 40 cikin 100. Ke nan kulawa ce ke ɗauke da kaso mafi tsoka.

Ga misali. A ce matsakaicin nauyin yaye a garkenka kilo 8 ne, rabon gado kuma kashi 25. Ka zaɓi bunsuru da awaki waɗanda suka kai kilo 10 lokacin yayensu. Fifikonsu kilo 2 ne, amma rubu'insa kaɗai 'ya'yansu za su gada. Saboda haka matsakaicinsu zai zama kilo 8 da rabi. Ƙarin kaɗan ne, sai dai yana zama cikin jini, yana kuma taruwa daga zuriya zuwa zuriya.

Kuskuren da ya kamata a guje wa

Da yawa daga cikinmu, in buƙata ta taso, bunsurun da ya fi girma muke sayarwa, mu bar ƙanƙane yana barbara. Mai yin haka yana rage darajar garkensa da hannunsa, domin rabin jinin kowane ɗan akuya daga bunsuru yake, bunsuru ɗaya kuwa yakan hau awaki da yawa.

Abubuwan da za a kiyaye

1. A auna kowane ɗan akuya da sikeli ran haihuwa da ran yaye, a rubuta tare da shaidar uwarsa da ubansa.

2. A gwada tsara da tsara. Tagwaye ba sa kai nauyin tilo, mace ba ta kai namiji, ɗan haihuwar fari kuma yakan zo ƙarami. Kada a yar da tagwai mai kyau don tilo ya fi shi.

3. A ajiye bunsurun da ya fi tsararrakinsa, sauran a dandaƙe su, su zama taure.

4. Kada a bar bunsuru ya hau uwarsa ko 'ya'yansa. A musanya shi da na wani garke, domin barbarar dangi tana kawo raunanan 'ya'ya.

5. Akuya takan yi wata 5 da ciki. A ƙara mata harawa da dusa a makonni 6 na ƙarshe da lokacin shayarwa, a kuma ba ta maganin tsutsar ciki.

Mai neman ƙarin bayani sai ya tuntuɓi malamin dabbobi na ƙaramar hukumarsa.